An sa wa Baba kilif a hanji maimakon tiyata: gyara ne ko kwaskwarima?

Autan_Baba:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah wanda ya san kan abin nan ya warware mini, tun shekaranjiya hankalina bai kwanta ba. Mahaifinmu, shekararsa 68, ya tashi da asuba yana amai, aman kuwa jini ne, wani ja wur wani baƙi gudaji-gudaji. Ashe kwana biyu ke nan bayan gidansa baƙi ƙirin ne kamar kwalta, bai gaya wa kowa ba. Muka garzaya da shi asibiti, aka sa masa ruwa, aka ƙara masa jini leda biyu. Da yamma aka shiga da shi ɗakin endoskofi, aka zura masa siririyar tiyo mai kyamara ta baki. Ba a rufa minti arba'in ba likita ya fito ya ce gyambo ne a farkon ƙaramin hanji, da wata jijiya a tsakiyarsa tana tsiyayar jini. Ya ce ya yi allura a gefen wurin, sannan ya kama jijiyar da kilif biyu na ƙarfe, jinin ya tsaya. Har hoton ya nuna mana, ga su nan a maƙale kamar 'yan ƙananan hantsaki.

To babban yayanmu ya ce shi bai yarda ba. A ganinsa kwaskwarima aka yi, gyaran gaskiya shi ne a buɗe cikin a ɗinke. Ya ce ƙarfe a cikin mutum tsatsa zai yi, kuma ranar da ya ɓalle jini zai dawo. Yana so mu ɗauke Baba mu kai shi inda za a yi masa tiyata. Ni kuma ina ganin Baba ya farfaɗo, har hira yake yi. Shin kilif ɗin nan magani ne ko jinkirta matsala? Za a koma a ciro shi ne? Kuma yana tsatsa?

Maman_Biyu:
Wa'alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Ni ba likita ba ce, amma maigidana guda uku aka sa masa shekara huɗu da suka wuce, shi ma olsa ce ta fashe. Ba a koma an ciro komai ba, bai taɓa jin motsinsu a jikinsa ba, jinin kuma bai sake dawowa ba.

Dattijo_Mai_Lura:
Ni kam ina bayan yayanka, ɗana. Abin da aka ɗinke da zare ai ya fi abin da aka matse da ɗan ƙarfe. Ciki ba ya zama wuri ɗaya, kullum cikin motsi yake, ga ruwan da ke narka abinci. Yaya za a yi abin da bai kai ƙwayar ashana tsawo ba ya jure wannan?

Nas_Ta_Dare:
Baba Dattijo, bari in ba ka labarin abin da idona ke gani, don a ɗakin nan nake aiki shekara tara. A jikin tiyon akwai wata 'yar hanya da faɗinta bai wuce milimita 2.8 ba a yawancin na'urorin. Ta nan ake zura kilif ɗin a rufe, a bakin wata doguwar waya. Likita na riƙe da na'urar yana kallon allo, ni kuma ina riƙe da mariƙin wayar. Ya ce buɗe, in buɗe, sai ka ga hannaye biyu sun ware a allon. Ya ce juya, in murza har su daidaita da jijiyar. Sai ya danna su a kan naman, ya ɗan zuƙe iska don naman ya shigo tsakaninsu, ya ce rufe. A irin na yanzu ba a saki nan take. Sai mu wanke wurin da ruwa mu tsaya mu duba. In jini na ci gaba, a buɗe a gyara zama. In ya tsaya, ya ce saki, in matsa har in ji ƙas a hannuna, shi ke nan ya rabu da wayar ya zauna daram.

Na sha ganin jini na feshi har ya rufe kyamara, ana sakin kilif allo ya washe kamar an kulle famfo. Aikin da zaren tiyata ke yi shi ne ya matse bakin jijiya. Shi ma abin da wannan ke yi ke nan, sai dai ta ciki aka bi, ba a yanka fata ba.

Autan_Baba:
Na gode Anti Nas. To ba ya jin zafin matsewar? Don na ga Baba na yawan dafe ciki.

Nas_Ta_Dare:
Fatar cikin hanji ba ta jin tsunkuli ko yanka irin yadda fatar waje ke ji. Abin da take ji shi ne kumburi. Iskar da aka hura don a ga wuri kan sa mutum ya ji ciki ya cika na ɗan lokaci, gyambon kansa ma yana ciwo. Amma in ciwon ya tsananta, ko cikin ya yi tauri kamar katako, ku kira nas ɗin da ke kan aiki a take, kada ku jira zagayen safe.

Likitan_Hanji:
Auta, Allah ya ƙara sauƙi. Ban ga mahaifinku ba, don haka likitan da ya leƙa da idonsa shi ne mai magana ta ƙarshe. Amma bisa abin da ka zayyana, abin da aka yi masa shi ne matakin farko da ake bi a irin wannan hali. Ba gudun aiki ba ne.

In mun leƙa gyambo, akwai ma'aunin da muke bi mai suna Forrest, tun 1974 ake amfani da shi. Akwai mai feshin jini, akwai mai tsiyaya, akwai wanda jijiyar ta fito fili amma ba ta zuba a lokacin, akwai wanda gudan jini ya manne a kai, sai mai ɗan baƙin tabo, sai mai tsabtataccen gindi. Biyun ƙarshe magani kawai ake ba su, ba a taɓa su. Ukun farko kuwa sai an yi musu aiki ta na'ura. Allurar da ka ce an yi adirenalin ce da aka tsinka, kashi 1 cikin 10,000. Tana tsuke jijiya ta rage jinin don a ga wuri, amma ƙarfinta gushewa yake yi, shi ya sa ba a barin ta ita kaɗai. Sai an haɗa da kilif ko a ƙona bakin jijiyar da zafi. Likitanku ya haɗa biyun, daidai ke nan.

Batun ɓallewa: ba a sa kilif don ya dawwama ba. Aikinsa ya riƙe jijiyar har jini ya daskare a cikinta, nama ya fara tofowa. Yawanci cikin 'yan makonni yake saki da kansa ya bi bayan gida, mutum bai ma sani ba. Wasu kan daɗe watanni ba tare da sun cutar ba. Lokacin da ake tsoro shi ne awa 72 na farko, a nan yawancin jinin da zai dawo yake dawowa. Shi ya sa ake riƙe mara lafiya, ana ba shi maganin rage ruwan tsamin ciki mai ƙarfi, dangin omefurazol, ta jijiya. Ɗauke shi daga gado a cikin kwanakin nan a hau hanya da shi, wannan shi ne abin da ni zan fi jin tsoro.

Dattijo_Mai_Lura:
Likita, na ji bayaninka. Amma ka amsa mini wannan: in tiyata ta fi ƙarko, me ya sa ba za a yi ta tun farko a huta ba?

Likitan_Hanji:
Ranka ya daɗe, saboda wanda za a yi wa tiyatar. Dattijo ne da ya zubar da jini mai yawa, zuciyarsa da ƙodarsa sun riga sun wahala. A sa masa allurar barci mai nauyi, a buɗe ciki, a tsaga hanji a ɗinke jijiya, sannan a jira ɗinkin ya kama, kowane mataki da nasa haɗarin. Tiyata tana nan, ba a jefar da ita ba, kuma tana ceton rai. Amma an ajiye ta ne ga wanda na'ura ta gaza a kansa. Ko jinin ya dawo ma, yawanci endoskofi ake sake yi karo na biyu kafin a kai ga wuƙa.

Marainiya_83:
Ban so in yi magana ba, amma zuciyata ta ƙi. Mahaifiyata ma kilif aka sa mata. Aka ce mana an gama, mu gode wa Allah. Dare na biyu ina zaune a gefenta ta ce jiri take ji, na taɓa hannunta sanyi ƙalau, gumi ya jiƙa mata wuya. Kafin a haɗa masu tiyata jini ya ƙare mata. Shekara shida ke nan, har yau ina tambayar kaina ko da an buɗe ta tun ranar farko da tana nan. Ba ina cewa kada a yarda da likita ba ne. Ina cewa kada kowa ya ce muku an gama alhali ba a fita daga kwanakin haɗari ba. Auta, kada ku bar shi shi kaɗai da dare.

Maman_Biyu:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Mama, ya ba ki haƙuri 'yar uwa.

Likitan_Hanji:
Allah ya gafarta mata, ya sa ta huta. 'Yar uwa, maganarki gaskiya ce, kuma gara da kika faɗe ta a nan. Kilif yana gazawa. Akwai wuraren da ke ba mu wuya ƙwarai: bangon baya na farkon ƙaramin hanji, inda wata babbar jijiya ke wucewa, da can saman lanƙwasar tumbi inda na'ura ba ta fuskantar wurin sosai. Haka tsohon gyambo wanda gindinsa ya yi tauri kamar ƙirgi, haƙoran kilif ba sa samun abin kamawa, sai su zame. Jijiyar da ta yi kauri da yawa ma ƙaramin kilif ba ya iya rungume ta.

Alamomin da kika lissafa su ne ya kamata duk mai jinya ya haddace: jiri, sanyin hannu da ƙafa, gumi, bugun zuciya da sauri, sabon aman jini, ko bayan gida baƙi mai ruwa da ke ƙaruwa. Kuma kalmar "an gama" bai kamata ta fito daga bakinmu a ranar farko ba. Abin da ya dace mu ce shi ne jini ya tsaya yanzu, muna sa ido.

Injiniya_Mai_Karatu:
Bari in taɓo batun tsatsa tunda ƙarfe fannina ne. Ba irin ƙarfen ƙusa ake yin su da shi ba. Ƙarfe ne marar tsatsa ko gaurayen da aka zaɓa musamman don zama a jikin mutum, dangin wanda ake ɗaure karaya da shi. Auta, ka tambayi yayanka, mutum nawa ya sani da ke yawo da ƙarfe a cinya shekara da shekaru? Wannan da zai yi makonni ya fita bai kai ya tsaya a rai ba.

Ɗalibar_Likitanci:
Ƙari a kan maganar Likita game da inda ƙaramin kilif ke gazawa: akwai wani babba da ba ya bi ta cikin hanyar na'urar, a bakinta ake ɗora shi a kan wata 'yar hula. Kamfanin Ovesco na garin Tubingen a Jamus ne ya fito da shi, rahoton farko na amfani da shi a jikin mutane ya fito a 2007. Siffarsa kamar tarko mai haƙora. Ana zuƙo naman cikin hular, a murza wani abu a hannu, sai ya ɓalle ya datse naman gaba ɗaya. An yi wani gwaji a Jamus mai suna STING da aka wallafa a 2018, a kan mutum 66 da jinin olsa ya dawo musu bayan an tsayar. Waɗanda aka sa wa babban, kusan kashi 15 cikin 100 ne jini ya ci gaba ko ya sake dawowa. Waɗanda aka yi wa aikin da aka saba, kusan kashi 58. Shi kuwa ƙaramin ba sabon abu ba ne, tun 1975 Hayashi da abokan aikinsa suka fara bayaninsa a Japan.

Injiniya_Mai_Karatu:
Wannan babban da nitinol ake yin sa, gaurayen nikel da titaniyom. Halinsa shi ne ko an buɗe shi an ɗame, da an sake shi zai koma siffarsa ta asali ya ci gaba da matsewa. Shi ya sa riƙonsa ya fi ƙarfi.

Autan_Baba:
To me ya sa ba a sa wa Baba wannan babban ba tun farko? Ko mu nemi a canja?

Ɗalibar_Likitanci:
A'a Yaya, ba a taɓa wanda ya riga ya kama. Jini ya tsaya, buƙata ta biya.

Likitan_Hanji:
Ɗaliba ta faɗi daidai, in ƙara da cewa babban ma da nasa wahalar. Sai an zaro na'urar gaba ɗaya an ɗora shi an sake shiga, bakin na'urar ya yi kauri, wucewa ta matsattsen wuri sai da dabara. In ya zauna a karkace, cire shi aiki ne, har wata na'ura ta musamman aka ƙera mai yanka shi da lantarki. Kuma shi yakan daɗe a jiki fiye da ƙaramin nesa ba kusa ba. Sannan ba shi kaɗai ne mafita ba. Akwai hoda da ake fesawa ta tsayar da jini na ɗan lokaci, akwai kuma masu bi ta jijiyar cinya da siririyar waya su toshe jijiyar da ke zubar daga ciki. Su ma kilif ɗin da aka bari yana yi musu amfani, don yana fitowa a hoto ya nuna musu daidai inda za su nufa.

Mai_Ɗaukar_Hoto:
Tunda an zo kan hoto, ga roƙona. Duk wanda aka sa wa kilif, ya karɓi takardar da ke ɗauke da ranar da aka sa da sunan irinsa, ya adana. Na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta MRI maganaɗisu ce mai ƙarfin gaske. Wasu tsofaffin kilif ba a yarda a shiga da su ba, da yawa daga na yanzu kuma an yarda bisa sharuɗɗa. In ka zo mana ba ka san irin naka ba, sai mu tsaya, wani lokaci sai an yi hoton ciki an tabbatar ko ya fita. Na taɓa mayar da wata baiwar Allah gida ranar da aka ba ta saboda wannan kawai, ta yi ta faɗa, amma ba yadda zan yi. Hoton eksire da sikanin ba su da wannan matsalar.

Baban_Yara_Uku:
Ni tawa daban ce, ba jini ba ne, ɓula ce. An leƙa mini babban hanji ta ƙasa don cire wani tsiro, garin cirewa bangon hanjin ya huje. Da na farka likitan bai ɓoye mini ba, ya ce ya ga ɓular a take ya rufe ta da kilif biyar a jere kamar zif. Aka hana ni ci da sha, aka sa mini ruwa da maganin kashe ƙwayoyin cuta, likitan tiyata na zuwa yana danna cikina safe da yamma. Kwana huɗu aka sallame ni, ba a yanka ni ba. Na yi fushi da farko, ba zan ɓoye ba, don lafiyata ƙalau na shiga. Daga baya na gane da bai lura a lokacin ba, ko da ya yi shiru, da labarin ya sha bamban.

Likitan_Hanji:
Abin da ya cece ka shi ne an gani nan take, kuma hanjin a wanke yake. Sabuwar ɓula mai taushin baki tana kamuwa da kyau. Wadda ba ta wuce santimita 1 ba ƙananan kilif kan isa, wadda ta kai wajen 2 a kan nemi babban. Amma in an kwana, ƙazanta ta zuba a cikin ciki, zazzaɓi ya tashi, to zancen kilif ya wuce, sai tiyata. Tsohuwar ɓula mai yoyo da ta daɗe bakinta ya yi tauri, ita ce ta fi ƙin rufuwa, ko an rufe takan sake buɗewa.

Tsohon_Malami:
Ni an cire mini tsiro har uku bara, ko kilif ɗaya ba a sa mini ba. Maƙwabcina kuwa ɗaya tak aka cire masa aka sa masa. Sakaci aka yi da ni ke nan?

Ɗalibar_Likitanci:
Ba lallai ba, Malam. Girman tsiron da inda yake su ne ma'auni. Wani babban bincike da Pohl da abokansa suka wallafa a 2019 ya duba masu shimfiɗaɗɗen tsiro mai faɗin milimita 20 ko fiye. Rufe wurin da kilif ya rage zubar jini daga baya daga kashi 7.1 zuwa 3.5 cikin 100, kuma amfanin ya fi fitowa a ɓangaren dama na babban hanji. Ƙananan tsiro kuwa ba a ga wani amfanin sa musu kilif don rigakafi ba.

Mai_Haɗa_Magani:
Kowa na ta maganar ƙarfe, ba wanda ya tambayi abin da ya haƙa ramin. Auta, wane magani Baba ke sha kafin wannan abu?

Autan_Baba:
Na ciwon gwiwa. Diklofenak yake sha safe da dare, ya fi shekara. In ciwon ya matsa ya ƙara da ibufurofen. Sai kuma ƙaramin asfirin da aka ɗora shi a kai bayan ciwon zuciyar da ya yi.

Mai_Haɗa_Magani:
To ga inda gizo ke saƙar. Magungunan nan suna rage wa bangon ciki kariyar da yake da ita, haɗa biyu ko uku kuwa ninka haɗarin yake yi, balle ga mai shekaru. Kilif ya kama jijiya, amma bai san da zaman diklofenak ba. In Baba ya koma gida ya ci gaba da sha, sabon gyambo zai fito ko a gefen na farko, sai yayanku ya ce ai dama ya faɗa, alhali ba laifin kilif ba ne. Na ga irin haka ba sau ɗaya ba. Ku tattara duk abin da ke cikin akwatin maganinsa ku kai wa likita ya gani da idonsa, har waɗanda ya saya da kansa, don wasu haɗe-haɗen maganin ciwon jiki suna ɗauke da irin waɗannan a ciki ba tare da mai sha ya sani ba.

Maman_Biyu:
Gaskiya ne. Ku zubar da su duka, har asfirin ɗin. Mu haka muka yi.

Likitan_Hanji:
Hajiya, a nan kam zan tsayar da ke. Diklofenak da ibufurofen a daina, babu gardama. Amma asfirin ɗin wanda ya taɓa ciwon zuciya ba a yanke shi da ka. Yana hana jini daskarewa a jijiyar zuciya, dakatar da shi na dogon lokaci kan jawo abin da ya fi zubar jinin muni. Yawanci ana mayar da shi cikin 'yan kwanaki da zarar an tabbatar jini ya tsaya, tare da maganin kare ciki. Likitan zuciya da na ciki su za su tsayar da ranar.

Sannan a duba ƙwayar cutar nan da ake kira Helikobakta, wadda Barry Marshall da Robin Warren suka gano alaƙarta da gyambon ciki a Ostareliya, har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Gwajin da aka yi ana tsakiyar zubar jini yakan nuna babu alhali akwai, don haka in ya nuna babu, a maimaita daga baya. In akwai, a sha maganin ya cika kwanakinsa, galibi 14, sannan a sake gwaji bayan aƙalla mako huɗu a tabbatar ta mutu.

Maman_Biyu:
Na karɓi gyara, Likita. Maigidana ba shi da ciwon zuciya, shi ya sa.

Ɗan_Uwa_Nagari:
Tambaya a gefe. Ƙanena ma aman jini ya yi, amma shi roba aka ɗaura masa, ba kilif ba. Mene ne bambancin?

Nas_Ta_Dare:
Ƙanenka mai ciwon hanta ne?

Ɗan_Uwa_Nagari:
Eh, ya daɗe da shi.

Nas_Ta_Dare:
To shi jijiyoyin maƙoshinsa ne suka kumbura saboda jini ya kasa wucewa ta hanta yadda ya kamata. Bangonsu siriri ne, ba a kama su da haƙoran ƙarfe. Zuƙo su ake yi a ɗaure da 'yar roba su bushe su faɗi, kuma sai an yi ta komawa har a gama da su. Aman jini iri-iri ne, shi ya sa sai an leƙa kafin a san abin yi.

Dattijo_Mai_Lura:
Na karanta duka. Na janye maganar tsatsa. Amma labarin yarinyar nan da ta rasa mahaifiyarta bai bar raina ba. Ni da a ce nawa ne, zan so a ce likitan tiyata ya san da zamansa tun yau, jini kuma na ajiye, ba sai dare ya raba ana neman mutane ba.

Marainiya_83:
Abin da nake nufi ke nan, Baba. Na gode da ka fahimce ni.

Autan_Baba:
'Yan uwa, ga halin da ake ciki. Yau kwana huɗu. An auna jininsa sau uku, bai sauka ba, an cire ruwan an mayar da shi maganin haɗiya. Na bi shawarar Baba Dattijo na tambaya, aka ce masu tiyata sun zo sun duba shi tun daren farko, mu ne ba mu gane su ba. Na karɓi takardar kilif ɗin kamar yadda Mai Hoto ya ce, na kuma kai ledar magungunansa, likitan ya ware na ciwon gwiwar ya ce kada ya sake kusantarsu. Yaya ya karanta duk abin da kuka rubuta. Ya haƙura da ɗauke shi, amma ya ce shi ba zai saki jiki ba sai an sake leƙawa ya ga wurin ya warke da idonsa. Likitan kuma ya ce gyambon farkon hanji ba a cika sake leƙa shi ba in mutum na samun sauƙi, na tumbi ne ake komawa a duba. Har yanzu suna kan wannan.

Anti Marainiya, ni nake kwana da shi, kuma duk sanda na farka sai na taɓa hannunsa.

Saura abu biyu. Bayan gidansa har yau da sauran baƙi, ga shi an fara ba shi ƙwayar ƙarin jini. Sannan gwiwar ta dawo da ciwo, jiya da ƙyar ya taka zuwa bayi.

Mai_Haɗa_Magani:
Tsohon jinin da ya rage a hanji kan ɗauki kwanaki yana fita, ƙwayar ƙarin jini ma tana baƙanta bayan gida. Na ƙwayar yakan zo da ɗan tauri, baƙi mai ɗan kore. Na sabon jini kuwa mai danƙo ne, mai ƙyalli, da wari mai tsanani, ga jiri. In kun yi shakka ku nuna wa nas kafin a zubar. Gwiwa kuma farasitamol ba ya cin ciki irin waɗancan, amma ku bari likitansa ya rubuta adadin, ku kuma tambaye shi batun gashi da motsa gwiwar.

Tsohon_Malami:
Ni ma gwiwar ce ke damuna, kuma irin maganin nan nake sha kusan kullum. Na shafawa fa, shi ma yana taɓa ciki ne?